Neman aparai na zinari, daga Maraɗi zuwa daji

Asabar, 5 ga Nuwamba 2022, Maraɗi

Yau muka haɗa kuɗin. Yaya ya kawo miliyan 1 da jikka 200, ni na sai da babur ɗina na kabu-kabu da awaki huɗu na haɗa 900, ɗan kawuna ya kawo 300, gaba ɗaya miliyan 2 da jikka 400 (jikka ɗaya sefa 1,000 ce, saboda 'yan'uwa na Najeriya). Yaya ba zai je ba, shago ba ya barinsa, amma ya ce in riƙa rubuta komai har dalar da aka sha shayi da ita, to shi ne wannan.

Bara war haka ina Ɗan Isa lokacin da ramin Garin Liman ya rufta da mutane, aƙalla 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Tun ranar Inna ta sa na yi mata alkawari ba ni ba shiga rami. Shi ya sa na koma tunanin aparai, wato na'urar da ake yawo da ita bisa ƙasa tana kuka in ta ji ƙarfe. Matsalar ɗaya ce, ban taɓa riƙe ta da hannuna ba.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Kwana huɗu ina kallon bidiyo a WhatsApp har data ta ƙare. Kowa da tasa wlh. Wannan ya ce aparai samfurin GPZ 7000 ko ba komai, wancan ya ce samfurin 5000 ce uwar duka, wani kuma ya turo mini hoton wata mai eriya biyu cikin akwati mai kyau wai tana jin zinari daga nisan kilomita 2 har ta nuna maka da kibiya, jikka 900 kacal. Na kusa ruɗuwa gsky. Na kira wani abokina da ya yi Jado, filin zinari na hamadar arewacin Nijar, tun 2014 lokacin da abin ya fashe har aka rufe wurin a 2017, ya yi dariya har ya shaƙe, ya ce da akwai abin da ke jin zinari daga kilomita 2 mai shi ba zai zauna yana talla a waya ba. Ya ce kar in sayi komai daga hoto, in je Agadas in taɓa da hannu.

Litinin, 14 ga Nuwamba

Mun taso ni da ɗan kawu ta Damagaram, Tanut, Adarbisanat. Kuɗin mota mu biyu jikka 30. Hanyar bayan Tanut ta karya mana baya.

Laraba, 16 ga Nuwamba, Agadas

Mun zaga shaguna shida. Farashin da aka faɗa mana yau, kafin ciniki: 7000 sabuwa ta haura miliyan 5, wannan ko kallonta ban ƙara yi ba. 6000 da ta fito bara ita ma tana can sama. 5000 sabuwa wajen miliyan 2 da rabi, wato duk jarinmu ba ta ma isa ba. 4500 ta hannu tsakanin miliyan 1 da jikka 200 zuwa miliyan 1 da rabi. Sai ƙananan, Gold Monster 1000 sabuwa 650, akwai Gold Bug da T2 su ma ƙasa da haka.

Abin da ya ɗaure mini kai, a wani lungu an nuna mana 5000 dal cikin kwali a jikka 850. Ɗan kawu sai zungurina yake yi.

Juma'a, 18 ga Nuwamba

Yau na yi wautar da ban so rubutawa ba amma Yaya ya ce komai. Mun koma wurin mai 850 ɗin nan, ya kunna ta a cikin shago, ya wuce da dala ta ƙarfe gaban faifan, wato zagayayyen bakinta da ke shafar ƙasa, ta yi kuka, ya wuce da zobe ta yi kuka, ya ce akwai wasu 'yan Cadi da za su zo ɗauka bayan sallar Juma'a in ba mu ajiye wani abu ba. Na ajiye jikka 150.

Bayan masallaci sai mai masaukinmu ya ce kafin ku cika kuɗi ku kai wa Baba mai gyara ya duba. Wani dattijo ne yana zaune a rumfa bayan gareji, fayafayai da wayoyi jibge a gabansa. Hausarsa wata iri, ashe Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, cikin jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ya yi shekaru yana neman zinari a hamadar Abu Hamad kafin ya biyo 'yan Jado ya zo nan. Shi jihaz yake ce wa aparai. Da ƙyar mai shagon ya yarda yaronsa ya rako mu da ita.

Baba bai ma buɗe ta ba. Ya ɗaga ta ya jijjiga, ya kunna, ya murɗa maɓallan gaba ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya ce ɗana ka ji wani abu ya sauya? Na ce a'a Baba. Ya ce to ado ne. Sai ya ɗauko wani baƙin dutse daga ƙarƙashin tabarma ya wuce da shi, ta kwarma ihu kamar an taka wutsiyar kare. Ya ce 5000 ta gaske in an daidaita ta wannan dutsen da ƙyar za ta yi masa tari, wannan kwalin ne kawai na 5000, cikinta ɗan injin araha ne aka saka. Lambar da ke jikin akwatin ma da ta kwali ba ɗaya ba ce, ni ko dubawa ban yi ba.

Mun yi ta jayayya da mai shago har magariba, sai da dattawan layin suka shiga, ya maido 90 ya riƙe 60 wai mun kore masa masu saye. Jikka 60 ta tafi. Na kira Yaya na faɗa masa, shirun da ya yi ya fi zagi ciwo.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Na wuni rumfar Baba, na sayi shayi da sukari na kai. Ga abin da na fahimta, na rubuta don kar in manta.

Aparai iri biyu ne manya. Akwai VLF, su ne ƙananan marasa nauyi, kamar Gold Monster da ke aiki a 45 kHz da Gold Bug 2 mai 71 kHz, yawan lambar nan shi ke sa su ji ƙwaya ƙarama kamar ta gero, amma ba sa nisa ƙasa, kuma in ƙasar tana da baƙin yashi ko duwatsu masu ƙarfe sai su yi ta surutu har ka rasa wane ne zinari wane ne dutse. Sai PI, su 4500 da 5000, waɗannan harba wuta suke ƙasa su yi shiru su saurari abin da ya dawo, shi ya sa mugunyar ƙasa ba ta dame su sosai kuma suna kai zurfi kan babban guda, sai dai nauyi, ga batiri a ɗamara ga waya ga kaske na saurare a kunne, kuma kusan duk ƙarfen da suka ji sai ka tona, ƙusa ce ko gwangwanin sardin. Kamfanin da ke yin 4500 da 5000 na Ostareliya ne, can ma ƙasarsu ja ce mai ƙarfe, don irinta aka ƙera su.

Na tambaye shi to Baba wacce ta fi? Ya ce tambayar yara ke nan. Ina za ka? Ƙasar wurin wace iri ce, zinarin wurin gero ne ko gyaɗa ko dabino, an riga an bi wurin da jihaz ko ba a bi ba? Na ce ban sani ba. Ya ce to ba ka isa sayen komai ba tukuna.

Wani abu kuma da ya kashe mini jiki, aparai ba ta jin garin zinari. Wanda ke cikin farin dutse kamar ƙura, irin wanda ake niƙawa a wanke a Tabelot ko wanda ake bi da rami mai zurfi a Cibarakaten, ko 7000 ka ɗora a kai shiru za ka ji. Guda take ji. Da na kai ta Ɗan Isa da na yi asarar banza.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Neman mota da abokan tafiya. Mun samu wani mai Land Cruiser da zai fita farkon Disamba da ƙungiya biyu. Na roƙe shi ya ba ni ƙasar wurin in akwai, ya ce akwai buhun da suka zo da shi na wankin zinari, ya ɗebo mini rabin bokiti da duwatsu. Ja ce mai baƙi-baƙi, na sa mayen ƙarfe ciki ya fito da gemu.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Na sayi zinarin gwaji wurin masu awo, guda biyu, ɗaya giram 1 ɗaya 0.3, jikka 43. Ɗan kawu ya ce ɓarna ce, na ce ai ba cinye shi za mu yi ba. Baba ya ƙara mana gutsuren dalma kamar giram 10, ya ce dalma da zinari kusan murya ɗaya suke yi wa jihaz, wanda ba shi da kuɗin zinari da ita yake koyo. Kowanne mun ɗaure cikin leda da zare don kar ya ɓace.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Ranar gwaji. Mun fita bayan gari wajen korin Telwa, nesa da wayoyin lantarki don suna sa aparai haukacewa. Baba ya aro Gold Monster ɗaya da 4500 guda biyu na hannu da ake son sayarwa. Maimakon a tona rami a rufe, sai ya sa muka sami gaɓar kori muka huda ta daga gefe muna tura ledar da kara, ta haka ƙasar sama ba ta motsu ba, ya ce gwajin iska na cikin shago yaudara ne, ko rediyo ma sai ta yi kuka.

A farin yashin kori ƙaramar ta ba ni mamaki. Mai 0.3 ta ji shi sarai a zurfin yatsu huɗu, 4500 da faifan inci 11 ita ma ta ji amma a raunane, da ba a ce mini yana nan ba da na wuce. Mai giram 1 ƙaramar ta tsaya wajen rabin taƙi da ɗan ɗori, 4500 ta kai kusan taƙi. Dalma kuwa ba a ma haɗa su, 4500 ta ji ta kusan kamu, ƙaramar taƙi ɗaya ta yi shiru.

Sai muka shimfiɗa jar ƙasar nan ta bokiti a kai. Nan ƙaramar ta fara magana ita kaɗai, sai da aka rage mata ji sosai ta natsu, da aka rage kuma zurfin ya ragu. 4500 aka sa ta a Enhance, saitin mugunyar ƙasa, aka danna koren maɓalli ana ɗaga faifai ana saukewa har ta daidaita da ƙasar, ta koma kukan sauronta siriri kamar ba abin da ya faru.

Cikin 4500 biyun ɗaya tana rawar murya ko an ɗaga ta sama, Baba ya ce a bar ta. Ɗayar tsohuwa ce, fentin ya koɗe, amma muryarta a miƙe.

Na kwana ina lissafi. Ƙaramar sabuwa ce, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, yaro ma zai koye ta a wuni ɗaya, kuma za ta bar mana fiye da rabin jari. Tsohuwar kuwa za ta cinye fiye da rabi kuma ba garanti. Amma ƙasar da za mu je ita ce ta bokitin nan, ba yashin Telwa ba.

Lahadi, 27 ga Nuwamba

Mun saye ta. 4500, miliyan 1 da jikka 300, da faifai biyu na inci 11 (mono ɗaya, DD ɗaya, iri biyu ne na naɗin wayar cikin faifai), batiri, caja ta gida da ta mota, kaske da ɗamara. Kafin in miƙa kuɗi sai da aka tura hoton lambarta ga wani dila ya tabbatar ta gaske ce, aka kuma rubuta takardar ciniki da shaidu biyu. Na ƙara ƙaramin faifai mono na inci 8 na hannu a jikka 90 don ƙananan ƙwayoyi. Baba na ba shi 10 ya ƙi karɓa, ya ce in na samu in kawo masa goro.

Laraba, 30 ga Nuwamba

Lissafi don Yaya, da jikka: mota 30, asarar kafin alƙalami 60, zinarin gwaji 43, aparai 1,300, ƙaramin faifai 90, kasonmu na mai 250, abinci 120 (shinkafa, taliya, gari, mai, dabino, shayi), diga biyu da shebur da bido-bido da barguna 80, zaman Agadas 70, takardu da hotuna da ƙananan abubuwa 40. Jimla 2,083. Saura 317. Sharaɗi da mai mota, kashi ɗaya cikin uku na abin da muka samu nasa ne, kuma mun yi magana a fili ba za a matsa kusa da iyakar Aljeriya ba, don wanda aka kama a can aparai da mota duk sun tafi.

Kullum da safe ina fita koyo awa biyu, ɗan kawu yana ɓoye ledar ina nema.

Asabar, 3 ga Disamba

Mun taso. Sunan wurin ba zan rubuta ba.

Litinin, 5 ga Disamba

Mun sauka jiya da dare. Sanyi kamar a mutu, ruwan alwala sai an ɗora a wuta. Wurin duk ramukan mutane ne, an riga mu da shekaru. Yau: ƙusa 6, kwanson harsashi 2, murfin gwangwani ban ƙirga ba.

Alhamis, 8 ga Disamba

Kwana uku babu ko ƙyalli. Jiya aparai ta dinga kuka duk taku, na yi zaton ta lalace, zuciyata ta yanke na zauna kan dutse ina tunanin me zan ce wa Yaya. Wani Batube daga ɗaya ƙungiyar ya zo ya dube ni sama da ƙasa ya nuna takalmina, ashe bot ɗin da na saya a gwanjo akwai ƙarfe a bakinsa, duk sanda ƙafata ta matso faifai sai ta amsa. Ga waya a aljihun gaba, ga ɗan kawu yana bina da diga a kafaɗa taku biyu. Na koma silifas da safa. Ya kuma ce ina sauri kamar mai shara, faifai ya riƙa shafar ƙasa a hankali, kowane zagaye ya hau rabin na baya, kuma abin da ake saurare ba ihu ba ne, ɗan lanƙwasar da kukan sauron ke yi ne, ihu yawanci gwangwani ne a sama.

In aparai biyu sun kusanci juna ma suna shiga muryar juna, sai an yi nisa ko a sake tune, wato a bar ta ta nemi wata tasha da kanta, minti guda tana yi.

Asabar, 10 ga Disamba

Alhamdu lillahi. Na farko, 0.6, zurfin rabin taƙi a gindin wani farin dutse. Muryar ƙasa-ƙasa ce, na kankare yatsu biyu na sake wucewa ta ƙaru, na ƙara ta ƙaru. Ɗan kawu ya yi ta juya shi a tafin hannu har sai da na ƙwace.

Litinin, 12 ga Disamba

Biyu, 0.4 da 1.1. Da rana tsaka ƙasa in ta yi zafi aparai ta fi surutu, yanzu asuba zuwa 11 muke yi, sai bayan la'asar.

Laraba, 14 ga Disamba

Wayar batiri ta tsinke daga ciki, wurin da take lanƙwasa a bakin filogi, aparai tana ɗaukewa tana dawowa. Laifina ne, Baba ya ce in sayi ta ajiya a jikka 35 na ce sai wani zuwa. Wuni ɗaya da rabi muna zaune. Ɗaya ƙungiyar suna da ta ajiya, suka ce 50, na biya ban ce uffan ba. Saura 267.

Juma'a, 16 ga Disamba

3.1 a guda ɗaya, zurfi ya haura taƙi da rabi, cikin jar ƙasa tsakanin tsofaffin ramuka biyu. Wannan ƙaramar ba za ta taɓa jin sa ba, nan na huce da kuɗin da na kashe.

Amma ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Akwai wani yaro ɗan Tawa a sansanin kusa da mu, Gold Monster gare shi da ɗan faifan nan na inci 5, ba ya zuwa ko'ina, tarin ƙasar da mutane suka tono suka bari yake bi yana baje ta da ƙafa, har namu. Da yamma ya nuna mini kwalbarsa, ƙwayoyi kamar gero kamar ƙasa da gero, ya ce ranar da ya tashi da sa'a yana haɗa rabin giram. Na sa faifan inci 8 na bi inda ya bi, waɗansu ina ji waɗansu ko alama. Wato muna tafe muna bar masa.

Lahadi, 18 ga Disamba

Ruwa ya kusa ƙarewa, gobe za a juya. Direba ya kamo wasan ƙarshe na kofin duniya a rediyo, Ajantina ta ci Faransa, sansani ya kaure kamar an tono kilo.

Laraba, 21 ga Disamba, Agadas

An auna, giram 9.4 gaba ɗaya, har da waɗanda ban rubuta a nan ba. An saya jikka 31 kowane giram bayan an duba tsarkinsa, 291. Mai mota 97, mu 194. Mai da abinci kaɗai sun ci 370, ga waya 50, wato wannan fita faɗuwa ce, kwana biyar na farko kusan duk koyo ne da tonon ƙusa. A hannu yanzu 461, ban da zinarin gwaji da ke nan.

Na kai wa Baba goro da turmin shadda ƙarami daga aljihuna. Ya duba faifan mono ya ce murfin ƙasan ya kusa hujewa, a canza kafin yashi ya shiga tsakani ya fara sa ta ƙarya.

Juma'a, 23 ga Disamba

Mun yi waya mai tsawo da Yaya. An kawo mini Gold Monster ta hannu a 420, raina yana so, amma in na saya ba kuɗin mai ba na abinci, sai mu zauna a gari da aparai biyu muna kallon juna. Yaya ya ce a'a kuma gaskiyarsa ne. Abin da muka tsayar, yaron nan ɗan Tawa ya ce zai biyo mu da tasa, abincinsa da ruwansa a kanmu, abin da ya tsinta a ramukanmu a raba biyu. Gobe zan sayi murfin faifai da wayar ajiya ɗaya, in nemo takalmin roba, in kuma kai batiri a duba don kwanakin ƙarshe tun kafin la'asar yake sanyi. Mota za ta sake fita 4 ga Janairu in Allah ya yarda, wannan karon ɗan kawu zai fara riƙe aparai awa ɗaya kullum don kafaɗata ta dama har yanzu ba na iya ɗaga buta da ita.